Layin da ke wuyan Kawu Malam

Sana'ata gyaran hoto ce. Shagona yana Jega Magaji, ɗan tsukuku ne, in mutum uku suka shigo na huɗu sai dai ya leƙo daga waje. Kwamfuta ɗaya, sikana ɗaya ta kwafar hoto, sai janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba. A nan nake share wa amare ƙuraje, in rage wa 'yan takara tumbi, in ɗora hula a kan wanda ya zo ba hula. Akwai wanda na taɓa naɗa wa rawani a kwamfuta alhali ko mai unguwa bai taɓa riƙewa ba, ya karɓa yana washe baki. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina komai game da wannan aiki ba. Mutum ya kawo fuskarsa, ya faɗi yadda yake son ta, in yi masa. Hoto ɗaya ne ya taɓa ɗaure mini kai, kuma har yau bai gama sakina ba, shi ne na kawuna.

Kawu Malam yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A Maiyama ya yi rayuwarsa, yara suna karatun allo a ƙofar gidansa, manya suna ɗaukar littattafai a zaure. Shi ya riƙe Inna tun tana ƙarama bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya aurar da ita zuwa Jega. Mutum ne mai sauƙi a komai in ban da hoto. In aka ɗaga waya a wurin ɗaurin aure, sai ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska, ya ci gaba da addu'arsa a haka. Ni da nake ɗan ƙanwarsa, kuma hoto ne abincina, bai taɓa ce mini in bari ba. Abin da yake ce mini kawai in na je gaisuwa shi ne, Allah ya sa in gama da sana'ar lafiya. Na daɗe ban san ko addu'a ce ko gugar zana ba.

Bayan rasuwarsa, da rukunin farko na ɗaliban makarantar suka sauke Alƙur'ani ba ya nan, tsofaffin ɗalibansa suka ce za su haɗa mujalla a raba ranar walima. Shugaban kwamitin wani ne da muke kira Dakta, ya yi karatun allo a gaban Malam, yanzu yana koyarwa a jami'ar da ke Aliero. Mutumin kirki ne, amma yana magana kamar ana binsa a guje. Ya zo shagona yana kaɗa makullin mota, ya ce sun gama komai na ciki, tarihin Malam da na makaranta, saura bango. Fuskar Malam suke so a bangon. Sun tara hotunan bukukuwa tuli, duk inda Malam ya fito rawani ne kawai da hannu. Amma wani dattijo ya tsegunta masa cewa akwai hoto guda a wurin ƙanwar Malam ta Jega.

Na ce wace ƙanwa? Ya ce mahaifiyarka mana.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ni ɗanta, mai gyaran hoton duk garin nan, a ce akwai hoton Kawu a cikin gidanmu, sai wani ya taso daga Aliero ya faɗa mini.

Ni ne ɗan farin Inna, don haka ba ta faɗin sunana, ba ta kuma daɗewa tana kallon fuskata. "Kai" take ce mini, ko ta yi magana da bango in gane da ni take. Da na kawo mata maganar sai ta ci gaba da tsince shinkafarta kamar ba ta ji ba. Na maimaita. Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji ƙarar marfin adaka, ta fito da wani ɗan ƙyalle a ƙulle. Ta kwance shi a kan cinyarta.

Hoton fasfo ne, ɗan mitsitsi, ya koɗe ya koma ruwan ƙasa. Kawu ne yana da sauran ƙuruciya, gemunsa baƙi, kansa da farar hula, ya zuba wa kyamara ido kamar wanda aka tsare a gaban alƙali. A wuyansa kuma, daga wannan gefen takardar zuwa wancan, an ja layi da shuɗin biro.

Na ce wane yaro ne ya yi wannan ɓarna. Ta ce ita ce yaron.

Ta ba ni labarin tana kallon shinkafa. Shekarar da zai tafi aikin hajji dole ta sa aka ɗauke shi hoto, don ba a tafiya sai da shi. Ɗaya ya yi saura. Ita kuma ta je Maiyama yi masa sallama, a lokacin da in mutum ya tafi hajji ake yafe wa juna kamar ba za a sake haɗuwa ba. Ta same shi zai jefa hoton a murhu, ta riƙe masa hannu tana kuka. Ya ce ba a ajiye surar mai rai cikakkiya a gida, in tana so ta ajiye sai an raba kan da jikin. Ya miƙo mata reza. Ta ce ita ba za ta iya sa reza a wuyan yayanta ba ko a takarda. Sai ya ajiye rezar, ya aika aka aro biro, ya ce ta ja layi a wuyan, kuma ta yi masa alkawari ba wanda zai ga fuskar nan tasa ba tare da layin ba, yana raye ko ya mutu. Ta ja, ta yi alkawari.

Na kwantar da murya na ce, Inna, ai ni ba zan taɓa hotonki ba. Zan ɗora shi a kan na'ura ne kawai ta kwafa, in dawo miki da abinki kafin azahar. Duk gyaran da zan yi a kan kwafin ne.

"Wanda ka shiga na'urar, huskar wa ta?"

Na ce tasa ce.

"To layin ga ya bi shi duk inda za shi. Ni niy yi alkawali, kuma ba shi nan balle in roƙe shi shi sake ni."

Na ce to. Wallahi a lokacin na ɗauka ƙaramin abu ne.

Da na buɗa hoton a kwamfuta ya kai girman bangon mujalla, sai na ga aikin da ke gabana. Layin da yake kamar zare a ɗan fasfo ya zama faɗin yatsu biyu. Tawadar ta jiƙe da shekaru ta bazu, ta ci tun daga ƙarƙashin gemu har bakin wuyan riga. Wuya dai babu shi, shuɗi ne kawai. Na bar shi na kama fuska. Na share ɗigo-ɗigon da danshi ya yi, na dawo da hasken ido, na fitar da gashin gemu ɗaya-ɗaya, na gyara zanen hula. Ina cikin yi sai ga Kawu yana kallona daga cikin gilashi, irin kallon da yake mini in na zo gaisuwa, har na tsinci kaina ina gyara zama. Na mayar wa Inna hotonta kamar yadda na ce, na tura wa Dakta wanda na gyara ta waya, da layinsa.

Ko minti bai ɗauka ba ya kira ya ce in same shi a Aliero.

Lokacin kwasar albasa ne, gari ya cika da manyan motoci da buhuna, warin albasa har cikin ido. Na same shi a gonar gidansu yana tsaye a kan masu ɗura buhu, da wayar a hannu, ya buɗe hoton ya ƙara masa girma daidai wuya. Ya ce me zai gani haka? Malamin da ya koya musu alif, za su kai shi gaban jama'a da yankakken wuya? Na ba shi labarin Inna. Ya saurara, har ya cire hula ya shafa kai, ya ce Allah sarki. Sannan ya shiga yi mini bayani. Ya ce malamai da yawa yanzu sun ce hoton kyamara kamar inuwar mutum ce a madubi, ba wanda ya zana ta. Ya ce baƙi za su zo daga Birnin Kebbi da Sakkwato waɗanda ba su san labarin reza da biro ba, abin da za su gani kawai shi ne an soke wuyan malami. Ya tambaye ni, a ina na saba ganin an ja wa hoton mutum layi a wuya? Na ce a fastar 'yan siyasa, in abokan hamayya sun bi ta kai. Ya ce to ka gani. Ya ce alkawarin Hajiya yana kan takardar da ke cikin adakarta, kuma ba wanda ya taɓa ta.

Maganarsa ta shige ni. Na hau mota ra'ayina yana tare da Dakta ɗari bisa ɗari. Kafin mu shigo Jega ra'ayin ya koma wajen Inna. Da na buɗe shago na zauna, ya sake komawa wajen Dakta. Na ce bari dai in gwada in gani, gwaji ba ya nufin na yanke hukunci.

Matsalar ita ce, in ka share abu a hoto dole ka cike gurbinsa da wani abu. In ƙurji ne, sai ka ɗebo fata daga gefensa ka rufe. A nan kuwa ba wuyan da zan ɗebo, tawada ta cinye shi duka. Na duba wuyoyin mutanen da ke cikin kwamfutata, na angwaye da na 'yan takara, wannan ya yi kauri, wancan ya yi haske, wani duk ninki. Kuma zuciyata ba ta ba ni in ɗora wa Kawu wuyan ɗan siyasa ba. Sai na tuna tun ina yaro ake cewa na ɗauko ƙirar dangin uwata, dogon wuya da maƙogwaro a fili. Na rufe ƙofar shago don kada wani ya shigo ya ce na taɓu, na ɓalle maɓallin riga, na ɗaga haɓa, na ɗauki wuyana da waya.

Ya zauna daram. Na rage masa launi ya koma irin na tsohon hoto, na zuba masa ɗan dishi-dishi, na sa inuwar gemu ta faɗo a kansa, na goge bakin haɗin har ni kaina na daina ganin inda na haɗa. Abu ɗaya ya rage, wata 'yar tawadar Allah da nake da ita a gefen hagu na wuya, ƙasa da kunne kaɗan. Na ce zan share ta in na dawo. Na kalli Kawu cikakke, kai da jiki a haɗe, abin ya yi kyau ƙwarai, kuma kyan ne ya ba ni tsoro.

Ban nuna wa Dakta ba, ban nuna wa Inna ba. Na ɗauki hanyar Maiyama.

Babban ɗan Kawu shi ya gaji makarantar, Malam Ƙarami ake ce masa. Taubashina ne, ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, ko a gaban ɗalibansa. Yana ganina ya ce ga mai gyara halittar Allah ya iso, a ba shi tabarma kafin ya rage wa wani hanci. Na ce in da zan rage wa wani ai da shi zan fara. Muka shiga zaure, na nuna masa hotunan biyu, mai layi da marar layi, na ce ya raba ni da wannan rigima, shi ne malami kuma shi ne ɗa.

Ya daɗe yana kallon marar layin. Idonsa ya kawo ruwa, ya share da hannun riga, ya ce har ya manta kamannin mahaifinsa da baƙin gemu. Sannan ya tambaye ni daga ina wuyan ya fito. Na faɗa masa. Na zaci zai yi dariya, bai yi ba. Ya ce maganar Dakta gaskiya ce, akwai saɓani a kan hoton kyamara, shi kansa yana tsayawa a ɗauke shi. Amma abin da na yi ya wuce kyamara. Na sa hannuna na ƙera wa mutum wata gaɓa da babu ita, wannan kuwa shi ne ainihin abin da Malam yake gudu, kuma mai ƙerawar ake ji wa tsoro, ba wanda aka ƙera ba. Ya ce watakila abin da Malam yake nufi ke nan da addu'ar da yake yi mini.

Na ce to shi ke nan, sai a mayar da layi.

Ya ce ai layin ma, in ana maganar littafi, da yawa daga malamai ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Sun ce ba ya raba kai da jiki, abin wuya ne kawai aka sa wa hoto. Kuma Malam ya san da haka, don shi ya karantar da su wannan wurin a littafin.

Nan na fusata. Na ce to don Allah me ya sa ya sa tsohuwa ta ɗauki alkawari a kan abin da ya san ba komai ba ne?

"Ƙanwa tai na kuka," in ji shi. "Mi kaka so shi yi?"

Ya ce shi ba zai ce a sa ba, ba zai ce a cire ba. Alkawarin na Gwaggo ne, wato Inna, ita da wanda ta yi wa, shi bai isa ya shiga tsakaninsu ba. Ya sa aka kawo mini fura. Na sha ban ji ɗanɗanonta ba. Na zo da tambaya ɗaya, na koma da uku. In na bar layin na wulaƙanta Malam a gaban baƙi. In na cire na karya alkawarin Inna, kuma na ɗora wa kaina abin da ban san girmansa ba. Layin da ake ta rigima a kansa kuma, ashe ko a littafi ba shi da mazauni. Na yi tunanin in faɗa wa Inna haka ko ta huta, sai na hango fuskarta in ta ji cewa abin da ta riƙe tun kafin a yaye ni lallashi ne kawai. Ban faɗa mata ba.

Dabara ta zo mini ina zaune a shago ina hararar kwamfuta. Bangon mujalla ai dole a rubuta wani abu a kansa. Na zana wata koriyar ɗamara mai faɗi, na ratsa ta daga wannan gefen bango zuwa wancan, daidai kan wuya, na rubuta sunan makaranta da walimar sauka a cikinta da farin rubutu. Wanda bai sani ba zai ga ado. Wanda ya sani zai ga an raba kai da jiki, fiye ma da yadda biro ya raba. Aikinmu hawa-hawa ne, kamar ka shimfiɗa tabarma a kan tabarma, don haka wuyana yana nan a ƙarƙashi, ɗamarar ta rufe shi ruf. Ban koma ta kan tawadar Allah ba, tunda ba mai ganinta.

Na kai wa Inna a waya. Ta riƙe ta nesa da ido, ta tambaya ko koren ya kai ƙarshe ta kowane gefe. Na ce ya kai. Ta ce to, ta miƙo mini. Dakta kuwa ya ce wannan shi ne aikin zamani, ya yi ta sa mini albarka. Ranar na ji kaina ya yi girma, na ce duk malaman nan da digirorinsu ga mai share ƙuraje ya raba gardama. Da Dakta ya ce in tura masa aikin a buɗe, yadda masu ɗab'i a Sakkwato za su iya gyara rubutu in an sami kuskure, na tura ban ko yi tunani ba.

Ana gobe walima mujallun suka iso Jega, ɗauri-ɗauri a cikin takardar siminti. Motar da za ta kai su Maiyama sai washegari da safe, don haka aka sauke su a zauren gidanmu. Na yaga ɗauri ɗaya ina murmushi, na zaro.

Koriyar ɗamarar ta sauka ƙasa, tana kan ƙirji. Ga Kawu, ga gemu, ga wuya a fili tas.

Na kira Dakta ina ihu. Ya rantse bai ce a taɓa ba. Ya kira masu ɗab'in ya sake kirana, ya ce wai wani ne a can ya ga rubutun ya shaƙe dattijo, ya ja shi ƙasa don a ga mutum sosai, har yana jiran a gode masa. Na ce a sake bugawa. Ya ce walima gobe ce, a ina? Ya ce in yi haƙuri, ƙaddara ce, kuma in na duba da idon basira ai ya fi kyau haka. Na kashe wayar don kada in faɗi abin da zan zo ina ba da haƙuri.

Na tsaya a zaure ina zagaye ɗaurukan kamar kazar da ta rasa inda za ta yi ƙwai. Na ce in kwashe su in kai shago. Na ce in rufe su da tabarma. Na ce in je in faɗa mata da bakina. Ban yi ko ɗaya ba, sai ga ta ta fito za ta leƙa maƙwabta, da mayafi a kai. Wanda na zaro yana kan ɗauri, fuska a sama.

Ta ɗauka. Ta matsa bakin ƙofa inda haske yake. Na fara zuba, masu ɗab'i ne, Dakta ne, ni na sa, su suka cire. Ba ta ko juyo ba. Ta tambaya duk waɗannan irinsa ne? Na ce irinsa ne. Ta cire mayafin ta ninke, ta zauna a kan tabarmar zaure, ta ce in ba ta abin rubutu.

Na gane abin da za ta yi. Na ce Inna, suna da yawa fa, kuma na mutane ne, Dakta zai yi faɗa. Ta miƙo hannu kawai. Na ba ta biro, ta gwada a gefen bangon, ya ƙi kamawa saboda santsi. Na ciro baƙar makar da nake rubutu da ita a kan kwali, na cire mata marfi. Na ce ta kawo in taya ta, hannuna ya fi sauri. Ta ce ba ni na yi alkawari ba.

Ta ɗora mujallar a cinya, ta kai makar daidai wuyan, sai ta tsaya. Ta sunkuya. Ta kai mujallar kusa da ido, ta mayar nesa, ta sake kawowa. Ta sa ɗan yatsa a gefen hagu, ƙasa da kunne kaɗan, ta murza kamar mai son goge datti. Bai gogu ba. Sai ta ɗago ta kalle ni, ba fuskata ba, wuyana. Tunda nake ban taɓa ganin ta kalle ni tsawon haka ba.

"Wanga wuyan naka na."

Na ce nawa ne. Na fara bayanin tawada da gurbi da fata, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

Makar tana hannunta. Ta kai ta, ta janye. Ta sake kaiwa, ta janye. Na ce Inna, ki ja, hoto ne kawai, ba abin da zai same ni. Ni da bakina na faɗi haka, ni da na yi mako ina yawo tsakanin garuruwa uku ban sami wanda ya tabbatar mini hoto ne kawai ko ba hoto ne kawai ba. Ta girgiza kai. Hawaye ya sauko mata, ba ta share ba.

"Shi ya tahi, kai kana nan. Ba ni ja ma layi ga wuya." Ta tura mujallar gabana. "Gwada min inda nashi yaƙ ƙare."

Na durƙusa na duba. Na duba iya dubawata. Na goge bakin haɗin da kyau, na zuba inuwa, na daidaita launi, aikin da na fi alfahari da shi a rayuwata, kuma ga shi an tambaye ni abu ɗaya na kasa. Ban san inda Kawu ya ƙare ba, ban san inda na fara ba. Na san dai gemun nasa ne. Na sa yatsana a kwance a ƙarƙashin gemun, na rufe wuyan, na ce daga nan zuwa sama nasa ne.

Ta ja layin a saman yatsana, a hankali, yana shafar ƙarshen gemu, daga wannan gefe zuwa wancan. Ta ajiye a gefe. Ta ce in miƙo wani.

Dakta ya yi faɗansa washegari, baƙi sun yi ta tambaya, Malam Ƙarami ya karɓi nasa ya sa a aljihu. Ni dai abin da na riƙe shi ne yinin nan a zaure. Ina yage ɗauri, ina ɗora mata a cinya, ina sa yatsa. Ta tashi ta yi azahar ta dawo, ta tashi ta yi la'asar ta dawo. Hannunta ya gaji, layin ya fara karkacewa, amma ko sau ɗaya bai sauko ƙasa da yatsana ba. In na yi saurin janye hannu kafin ta gama, sai ta tsaya ta jira in mayar.